Yadda Ake Juyowa Daga Hawan Dutse a Lokacin Hunturu Idan Yanayi Ya Ɓaci

Dutsen Ben Nevis, wanda ke tsaye a kan garin Fort William a yammacin Sikotlan, shi ne mafi tsawo a duk Birtaniya, amma tsawon nasa mita 1,345 ne kawai. Wanda ya san cewa garin Jos yana zaune a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 zai iya jin wannan lamba ya raina dutsen. Raina shi kuwa babban kuskure ne, domin ana fara hawansa ne daga kusan daidai da bakin teku, kuma a watannin hunturu samansa yana lulluɓe da dusar ƙanƙara, iskar tekun Atlantika tana dukansa ba tare da wani shamaki ba, gajimare kuma yakan rufe ƙololuwarsa a mafi yawan kwanakin shekara. Ɗalibai da ma'aikata mazauna Glasgow, Edinburgh da Aberdeen sukan sami gayyata daga abokai su je su gwada shi, kuma abin da aka fi gaya musu shi ne yadda za su hau. Ba a cika koya musu yadda za su juyo daga tsakiyar hanya ba idan sama ta canza fuska, alhali juyowa aiki ne mai ƙa'idoji da matakai, wanda ake fara shi tun daga gida.

Na ɗauki Ben Nevis ne a matsayin misali saboda hanyarsa sananniya ce kuma haɗarurrukanta suna da sunaye, amma matakan suna aiki a kan kowane dutse mai ƙanƙara. Karanta su ba zai maye gurbin fita tare da ƙwararren jagora ba ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba.

Mataki na farko: karanta hasashen yanayi a daren jajibiri

Hasashen da ke cikin wayarka na gari ne, kuma ba zai gaya maka abin da ke faruwa a saman dutse ba. A Sikotlan akwai hasashe na musamman domin duwatsu, wanda hukumar Met Office da cibiyar MWIS suke fitarwa kowace rana. Abubuwa uku za ka nema a ciki. Na farko shi ne ƙarfin iska a ƙololuwa, wanda a can ake rubuta shi da mil, don haka ka riƙe cewa mil 30 daidai yake da kusan kilomita 48. Iskar da ta kai kilomita 50 zuwa 65 a awa tana fara tura mutum gefe tana gajiyar da shi, wadda ta kai 80 tana sa tafiya ta yi wuya ƙwarai, wadda ta haura 100 kuwa tana iya kayar da ƙato. Kada ka ɗauka waɗannan lambobi na tsoratarwa ne kawai: a ranar 20 ga Maris 1986 an auna iska mai gudun kilomita 278 a awa a saman Cairn Gorm, wani dutse a Sikotlan. Na biyu shi ne tsayin da ruwa zai fara daskarewa, domin daga nan ne hanya za ta zama santsi. A ƙa'ida zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, wato idan Fort William yana kan digiri 4, ƙololuwa tana wajen digiri 5 ƙasa da sifili, kafin a haɗa da abin da iska za ta ƙara. Na uku shi ne tsayin da gajimare zai sauko, da lokacin da ake sa ran canji zai iso.

Bayan wannan sai ka duba rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara na cibiyar SAIS, wadda ke fitar da shi kullum daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu, kuma Ben Nevis yana cikin yankin Lochaber. Ma'auninsu yana da daraja biyar, kuma yana nuna gefen dutsen da haɗarin ya fi yawa da tsayin da yake farawa. Daraja ta uku ita ce ta fi yaudarar mutane, saboda tana tsakiya sai a ɗauke ta da sauƙi, alhali a wannan daraja ce ake yawan samun haɗari a duwatsun Turai. A watan Maris 2019 ƙanƙara ta zaftaro a kwazazzabon da ake kira Number 5 Gully a arewacin Ben Nevis, mutum uku suka rasu.

Idan lambobin sun yi muni, juyowa mafi sauƙi ita ce wadda aka yi a ɗaki kafin a ɗaura takalmi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: tsayar da ƙarfen juyowa, a rubuta shi

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, domin shi ne yake raba hukunci da son zuciya. Ƙarfen juyowa lokaci ne da aka ƙayyade tun a gida, wanda idan ya cika za a juya ko da ana hango ƙololuwa. Ana lissafa shi ne daga baya zuwa gaba, ana farawa da faɗuwar rana.

A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Fort William wajen ƙarfe 9 na safe, tana faɗuwa wajen ƙarfe 3:40 na yamma, wato hasken yini bai cika awa bakwai ba. Hanyar da yawancin mutane ke bi daga kwarin Glen Nevis tana da kimanin kilomita 8 zuwa sama, da hawa na fiye da mita 1,300. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta lissafi da William Naismith ya tsara a 1892, wadda ta ba da awa ɗaya ga kowace kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowace mita 600 na hawa. Da wannan lissafi hawan zai ci kusan awa huɗu, amma lissafin na lafiyayyen mutum ne a kan busasshiyar hanya ba tare da hutu ba. A cikin ƙanƙara, da jaka mai nauyi, da iska a fuska, sai ka ƙara aƙalla awa ɗaya.

Yanzu sai a yi lissafin saukowa. A ce za ta ci awa uku da rabi: idan aka cire su daga 3:40, an dawo ƙarfe 12:10. Sai a sake cire awa ɗaya ta ajiya, domin gocewar ƙafa, ɓatan hanya ko gajiyar ɗaya daga cikin abokan tafiya. An dawo wajen ƙarfe 11. Wannan shi ne ƙarfen juyowa na wannan rana, kuma ma'anarsa ita ce dole a tashi daga ƙasa wajen ƙarfe 6 na asuba da tocila a goshi. Idan hasashe ya ce guguwa za ta iso ƙarfe 2, to ba faɗuwar rana za a yi lissafi da ita ba, da ƙarfe 2 za a yi, a kuma tuna cewa guguwa tana iya riga lokacin da aka yi mata hasashe. Ka rubuta ƙarfen a gefen taswira, ka saita ƙararrawar agogo a kansa.

Manyan mahaya sun san nauyin wannan ƙa'ida. A farkon Mayu 1996 wani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Kropp, wanda ya tuƙo keke tun daga ƙasarsa har Nepal, ya juyo daga dutsen Everest saura kaɗan ya kai ƙololuwa, saboda ya ga lokaci ya ƙure masa. Kwanaki kaɗan bayan haka, a ranakun 10 da 11 ga watan, guguwa ta rutsa da wasu ayari a saman dutsen, mutum takwas suka rasu, kuma daga cikin dalilan da aka fi ambata akwai ƙetare ƙarfen juyowa da wasunsu suka yi. Kropp ya koma ya kai ƙololuwa kafin watan ya ƙare.

Mataki na uku: yarjejeniya da kayan komawa

Kafin a bar mota, a tsaya a faɗi abu biyu da baki kowa ya ji. Na farko, duk wanda ya ce a juya, an juya, ba tare da an nemi ya kare kansa ba. Na biyu, ba a rabuwa: ba za a bar mai rauni ya sauka shi kaɗai don sauran su ƙarasa ba, kuma ba za a zaunar da shi a cikin iska ya jira ba. A bar wa wani amintacce a gari bayanin hanyar da za a bi, yawan mutane, lambar mota, da ƙarfen da idan bai ji daga gare ku ba zai kira 'yan sanda.

Kayan da ke ceton mutum a lokacin komawa ba su da yawa, amma babu wanda za a iya bari a cikinsu. Kowa ya riƙe gatarin ƙanƙara da haƙoran ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, kuma ya kasance ya gwada ɗaura su a gida da safar hannu a hannunsa. A haɗa da taswirar takarda cikin leda, kamfas, tocilar goshi da batir na ajiya, tabarau mai rufe ido ruf wanda iska ba ta shiga, safar hannu biyu ko uku, riga mai kauri da ba za a taɓa ba sai an tsaya, filas na shayi mai zaƙi, abinci, usur, da buhun mafaka wanda dukan ayarin za su iya shiga su zauna. Waya tana da amfani, amma sanyi yana zuƙe batirinta da sauri, don haka a ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki.

Mataki na huɗu: wuraren tsayawa a yi tambaya

Mutumin da ke hawa kansa a sunkuye yake, kuma yanayi yana iya ɓaci a hankali bai lura ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi wurare a kan taswira inda dole a tsaya a yi tambaya. A Ben Nevis akwai uku da suka dace. Na farko shi ne ɗan tafkin da ke wajen mita 570, wanda ake wa laƙabi da tafkin rabin hanya ko da yake bai kai rabin hawan ba. Na biyu shi ne mashigar rafin Red Burn, inda a hunturu hanya takan ɓace a ƙarƙashin ƙanƙara a kan gangare. Na uku shi ne ƙarshen kwana-kwanan hanya, wajen mita 1,200, inda ake fita zuwa shimfiɗaɗɗen saman dutse wanda babu abin da ke kare iska a cikinsa.

A kowanne a duba agogo a gwada da lissafin gida, a duba sama a gwada da hasashe, a duba fuskokin juna. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: idan abin da muke gani ya ninka muni nan da awa ɗaya, za mu iya saukowa daga inda za mu kasance a lokacin? Na ukun nan shi ne wurin da ya fi cancanta a juya, domin duk hanyar da aka riga aka biyo ta fi wadda ke gaba sauƙi.

Mataki na biyar: gane alamomin da ba a jayayya da su

Daga sama, alama ta farko ita ce hasashe ya saɓa da abin da ido ke gani. Idan an ce iska za ta tashi da yamma amma tun hantsi tana girgiza ku, to guguwar ta yi sammako, kuma lissafin da aka yi a gida ya rushe. Idan kun hango ƙanƙara tana tashi kamar hayaƙi daga kan tsaunin da ke gabanku, wannan iska ce mai ƙarfi take kwasarta, kuma can za ku shiga. Mafi muni shi ne abin da zan kira farin duhu: gajimare ya sauka a kan ƙasa mai fari, sama da ƙasa su zama launi ɗaya, mutum ya kasa bambance hawa da gangare, har ya ji jiri yana tsaye. Wanda ya san ƙurar hunturu mai hana ganin ƙarshen titi ya san wani ɓangare na abin, amma a cikin ƙura ana ganin ƙasar da ake takawa, a nan kuwa ita ma ɓacewa take yi. Idan tulin duwatsun da ke nuna hanya suka fara ɓacewa, har kuna tsaye a gindin ɗaya ba ku hango na gaba ba, lokacin juyowa ya yi.

Daga ƙasa, a lura da ƙanƙarar da ake takawa. Idan tsaga tana gudu daga ƙarƙashin takalmi, ko ana jin wani sauti mai zurfi kamar ƙasa ta numfasa ta zauna, ko ƙanƙarar tana ɓarewa fale-fale kamar allo, to iska ta jibge sabon rufi a kan tsohon da bai kama shi ba. Irin wannan yana zaftarewa ne galibi a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, a gefen da ke bayan iska, kuma a mafi yawan lokuta nauyin mutanen da kansu ne yake tayar da shi.

Daga jikin mutane kuwa alamun sun fi ɓoyuwa, kuma a ganina su ne mafi haɗari, domin wanda sanyi ya fara ci ba ya sanin yana cinsa. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani ne yake fara raunana. A kula da wanda ya yi shiru alhali mai surutu ne, wanda yake yawan tuntuɓe, wanda harshensa ya yi nauyi, wanda ya kasa zuge zif, wanda ya fusata ba dalili ko ya daina damuwa da komai. Rawar sanyi alama ce ta farko, amma idan rawar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, al'amari ya yi tsanani. A riƙa duba hanci, kunci da kunnuwan juna: fatar da ta dusashe ta yi tauri kuma ba ta jin taɓi ta fara daskarewa. Ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ya isa, ba sai sun taru ba.

Mataki na shida: faɗar maganar

A nan ne zuciya take kawo hujjojinta. Za ta ce an kashe kuɗin jirgin ƙasa da masauki, an ɗauki hutu daga aiki, saura mita ɗari biyu kawai. Za ta nuna maka wasu mutane da ke ci gaba, ta ce tunda suna tafiya ai babu komai, alhali ba ka san gwanintarsu ba, kuma mai yiwuwa su ma ku suke kallo suna samun ƙarfin gwiwa. Akwai kuma kunya, musamman ga baƙo a cikin ayari ko ƙarami a cikin manya, wanda ba ya son a ce shi ne ya karya tafiya. Ban ɗauki waɗannan a matsayin wauta ba, halin ɗan Adam ne, kuma dalilin da ya sa aka rubuta ƙarfe aka kuma yi yarjejeniya tun a ƙasa ke nan.

Idan lokacin ya zo, a tara kowa wuri ɗaya a juya wa iska baya, domin a cikin guguwa magana ba ta wuce taku biyu. A faɗi hukuncin a taƙaice tare da dalilinsa: ƙarfe 11 ya yi, ko iska ta fi ƙarfinmu, za mu sauka. Kada a buɗe muhawara a wurin, kuma kada a karɓi shawarar nan ta a ƙara minti goma a gani, domin minti goman hawa a cikin farin duhu yana iya zama rabin awar neman hanya. Idan kai ne jagora kuma ka lura wani ya gaza, ka ɗora dalilin a kan yanayi ko lokaci, kada ka ambaci sunansa.

Mataki na bakwai: minti biyar na shiri kafin a taka

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a juya a fara gudu. A tsaya tukuna, a cikin buhun mafaka idan iska ta yi yawa. A ƙara riga, domin mai sauka ba ya samar da zafi kamar mai hawa. A canza safar hannun da ta jiƙe, a ci wani abu mai zaƙi, a sha shayi, a sa tabarau, a duba ɗaurin haƙoran takalmi, a fito da tocila a sa ta a aljihun waje tun da sauran haske. Abu mafi muhimmanci shi ne a tabbatar da inda ake a kan taswira kafin a motsa, a haɗa abin da waya ta nuna da abin da aka sani na wurin da aka wuce na ƙarshe. Daga nan a jera: mai kamfas a gaba, mai rauni a bayansa, ƙaƙƙarfa a ƙarshe, kowa yana ganin na gabansa.

Mataki na takwas: saukowa

Ƙa'ida ta farko ita ce a koma ta hanyar da aka zo. Gajeriyar hanyar da ba a sani ba ita ce take kai mutane bakin rami. Kada a dogara da sawun da aka bari, domin iska tana share shi cikin mintuna, kuma kada a bi sawun wasu. Akwai kuma wani abu da ba a lura da shi: mutum yana kauce wa iska ba da saninsa ba, sai ya riƙa karkata zuwa inda take tura shi har ya bar layinsa da nisa.

Saman Ben Nevis yana da tarko biyu. A arewa akwai bango mai zurfin ɗaruruwan mita, kuma kwazazzabon Gardyloo Gully ya yanko cikin filin kusa da ƙololuwa. Iska tana gina leɓen ƙanƙara a bakinsa wanda ya zarce dutsen ya rataya a kan sarari, ta yadda mai tafiya zai ga kamar ƙasa ce alhali babu komai a ƙarƙashinta. Mai saukowa da ya tsorata da wannan ya karkata hagu da yawa kuma, sai ya faɗa tarko na biyu, wato Five Finger Gully, wanda bakinsa yake farawa da gangare mai sauƙi kamar hanya, sannan ya tsananta ya zama rami. Saboda haka aka tsayar da lambobi biyu ga wanda gajimare ya rufe a ƙololuwa: daga ginshiƙin awo da ke tsaye a ƙololuwa a bi digiri 231 a kamfas na tsawon mita 150, Gardyloo yana hannun dama, sannan a juya zuwa digiri 282 a riƙe shi har a sauka kan kwana-kwanan hanya. Lambobin na layukan taswira ne, don haka a duba bayanin da ke gefen taswirar game da bambancinsu da allurar kamfas. A rubuta su a kan leda tun a gida.

Mita 150 ɗin da ƙafa ake auna su. Kowa ya san yawan takun da yake yi a mita 100 tun kafin ranar, yana ƙirga duk lokacin da ƙafar dama ta sauka, kuma ya san cewa adadin yana ƙaruwa a cikin ƙanƙara mai zurfi. Mutum biyu su ƙirga tare don a gwada. A nisanta kamfas daga waya, daga gatari da daga maganaɗisun da ake sawa a wasu riguna da safar hannu, domin suna karkatar da allura. Idan ido ba ya ganin komai, a tura mutum ɗaya gaba iyakar inda ake hango shi, mai kamfas ya daidaita shi da hannu zuwa dama ko hagu, sannan a je a same shi a maimaita. Yana cin lokaci, amma yana riƙe layi. Jefa dunƙulen ƙanƙara gaba ma yana taimakawa: idan ya sauka an ga ƙasa, idan ya ɓace a tsaya cak.

A kan gangare a buɗa ƙafafu kaɗan don kada haƙori ya kama wando, a dasa dukan tafin takalmi a ƙasa, a riƙe gatari a hannun da ke wajen tudu. Idan iska ta taso da ƙarfi a durƙusa a kafa gatari har ta wuce. A riƙa buge ƙanƙarar da ke dunƙulewa a ƙarƙashin takalmi. Kada a zauna a sulale da haƙora a ƙafa, domin idan suka kama ƙasa suna karya idon sawu ko su wuntsila mutum. A wajen Red Burn a ƙara natsuwa, saboda gajiya ta riga ta taru a lokacin, kuma ba a cire haƙoran sai an tabbata santsi ya ƙare gaba ɗaya.

Mataki na tara: idan saukowa ta gagara

Idan wani ya ji rauni, ko an rasa inda ake kuma akwai rami a kusa, ci gaba da yawo yana ƙara haɗari. A nemi gefen da iska ba ta bugu sosai, nesa da bakin gangare, a shiga buhun mafaka, a zauna a kan jakunkuna don kada ƙanƙara ta zuƙe zafin jiki, a matsu da juna. A kira 999 ko 112, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na dutse. A faɗi lambar wurin daga taswira ko waya, yawan mutane, irin raunin da kayan da ake da su. Ana iya aika saƙon tes zuwa 999 inda sabis ya yi rauni, amma sai an yi wa lambar rajista tun kafin tafiya. Alamar neman agaji ita ce busa usur ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita. A kira da wuri, tun da sauran haske da batir. Masu ceton yankin Lochaber 'yan sa kai ne, kuma a cikin guguwa jirgi mai saukar ungulu ba ya iya tashi, don haka da ƙafa za su zo, tafiyar awoyi.

Wanda sanyi ya kama a rufe shi sama da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Idan ya fara fita daga hayyacinsa a kwantar da shi, a taɓa shi a hankali, kada a tilasta masa tafiya. Ba a murza fatar da ta daskare, ba a goga mata ƙanƙara, ba a kuma ba da barasa.

Kada a ci gaba da hawa da fatan samun mafaka a sama. Akwai ɗan ɗakin gaggawa a ƙololuwar Ben Nevis, a kan kangon tashar nazarin yanayi da ta yi aiki daga 1883 zuwa 1904, amma nemansa a cikin farin duhu yana nufin tafiya kusa da leɓen ƙanƙara. A watan Nuwamba 1971 wani ayarin 'yan makaranta daga Edinburgh ya hau filin saman Cairngorm, yanayi ya ɓaci, suka nufi wata mafaka da ke can sama maimakon su koma, ba su kai gare ta ba. Sun kwana biyu a fili, ɗalibai biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu. Bayan doguwar muhawara aka rushe wannan mafaka a 1975, bisa hujjar cewa kasancewarta tana jan mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya.

Mataki na goma: bayan an iso ƙasa

Da zarar an sami sabis a sanar da wanda aka bar wa bayani cewa an sauko, kuma idan an riga an kira masu ceto sannan aka fita da kai, a sake kira a gaya musu don kada su fita neman wanda ke cikin mota. A cire jiƙaƙƙun kaya, a ci abinci mai zafi, a huta kafin a kama tuƙi a kan titin da shi ma yana iya yin santsi. Wanda yatsunsa ko kunnuwansa suka kasa dawowa daidai, ko suka yi ƙuraje masu ruwa, ya je asibiti a daren, akwai ɗaya a cikin Fort William. Kafin a watse a rubuta ƙarfen da aka isa kowane wurin tsayawa da ƙarfin iskar da aka tarar, a gwada da hasashen jiya, domin da waɗannan lambobi za a gyara lissafin ƙarfen juyowa na tafiya mai zuwa.